Yaya zan gane hular gashi mai inganci kafin in biya kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Sau biyu ke nan ina sayen hular gashi da aka ce mini gashin mutum ce zalla. Ranar farko ga laushi ga sheƙi, amma da na wanke ta sau biyu zuwa uku sai ta cukurkuɗe ta wajen ƙeya, mataji ma ba ya shiga, gashin kuma ya yi ta zuba. Ina son in sake saya amma gabana na faɗuwa. Me zan duba tun kafin kuɗi su bar hannuna?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duk alamomin da kika lissafa na gashin da aka yi wa wankan asid aka lulluɓe da silikon ne, kuma mai yiwuwa wanda ya sayar miki bai yi ƙarya ba da ya ce gashin mutum ne. Gashin mutum ɗin ne kala-kala. Don haka abu na farko, ki daina dogaro da laushi da sheƙi. A sana'ar nan babu abin da ya kai su sauƙin ƙirƙira, kuma su kaɗai yawancin masu saye ke dubawa.

Bari in gaya miki abin da ya sami hulunanki biyu, don in kika gane shi, sauran gwaje-gwajen za su zo miki da sauƙi. Kowane silin gashin ɗan'adam yana da ɓawo a jikinsa, ƙanana sosai, ido ba ya ganinsu. Sun hau kan juna kamar ɓawon kifi, kuma duk gefe ɗaya suke kallo, daga tushe zuwa baki. Idan aka ɗaure gashin mace aka yanke shi a ɗaure, ya isa masana'anta ba a birkita shi ba, to duk silayen fuska ɗaya suke kwance, sai su riƙa zamewa a kan juna. Irinsa ne ake rubuta wa Remi. Ɗaya nau'in kuwa tsinto shi ake yi: wanda ya maƙale a mataji, da wanda ya zube a ƙasa a wurin aski. Ana tara shi a dunƙule, a warware, a jera, amma ba mai iya tantance tushe da baki a kowane sili. Wannan na kallon sama, wancan na kallon ƙasa, ɓawonsu na kama juna. Maganin da masana'anta ke yi shi ne ta tsoma shi a ruwan asid ya cinye ɓawon, sannan ta shafe shi da silikon. Silikon ɗin nan shi ne laushin da kika ji ranar farko. Kowane wanki da shamfu yana tafiya da wani abu daga cikinsa, har a zo ga gashin da ba ɓawo ba kariya, busasshe, mai karyewa. Ƙeya ke fara tona asiri saboda a nan gashi ke gogar wuyan riga yana shan zufa duk yini.

To yaya za ki gane shi a hannu? Ki ware 'yan silaye, ki riƙe su tsakanin babban yatsa da manuni, ki ja daga tushe zuwa baki. Za ki ji santsi. Sai ki komo da yatsun daga baki zuwa tushe. Gashin da ɓawonsa ke nan zai ɗan yi miki turjiya, wani lokaci har ki ji wata 'yar ƙara siririya. In kin ji santsi iri ɗaya a tafiya da dawowa, to ko dai an cinye ɓawon, ko kuma roba ce. Bayan haka ki murza yatsunki a kan juna. In kika ji wani maiƙo mai sulɓi ya biyo su, silikon ne aka zuba ba da wasa ba. Ki kuma kai hancinki cikin gashin, can kusa da hula. Warin sinadari mai ɗaci, ko turare mai ƙarfi da aka fesa don a danne wani wari, duk abin tambaya ne.

Gwajin da na fi yarda da shi a gaban mai kaya shi ne na ƙeya. Ki damƙi cikin hannu guda na gashin baya, ki sa shi tsakanin tafukanki ki murza kamar na daƙiƙa goma, ki sake shi, sannan ki ratsa shi da yatsu. Gashin kirki zai warware da kansa ko da ratsa ɗaya. Wanda aka cakuɗa zai riƙe yatsunki a tsakiya. Sai dai in silikon ya yi kauri sosai yana iya tsallake wannan gwajin, shi ya sa ba a tsayawa a kan gwaji ɗaya.

Kada ki yanke hukunci a ƙarƙashin fitilar shago, ki fito da ita hasken rana. Gashin da bai taɓa ganin rini ba ba ya zama launi ɗaya sak. Za ki ga baƙi mai ɗan ja-ja, wasu silayen sun fi wasu haske, baki ya fi tushe kodewa, wani sa'in ma ki ci karo da furfura ɗaya ko biyu. Ni in na ga furfura a cikin gashi daɗi nake ji. Baƙi wuluk daga sama har ƙasa, irin wanda ake ba lamba 1, rini ne. Launin da ya fi kusa da baƙin halitta shi ne 1B. Shi kuma mai ruwan zinariya mai lamba 613 an kodar da shi da bilic sosai kafin ya kai haka, don haka duk wanda ya ce miki bai taɓa ganin sinadari ba, ki bar masa kayansa. Rini a kansa ba laifi ba ne, amma ki san abin da kike saye. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a wani ɓangare na ciki. In launi ya fito a ƙyallen, haka zai fito a wuyan rigarki.

Sai gwajin wuta, wanda kowa ya sani amma kaɗan ne ke yin sa daidai. Ki nemi izini ki cire silaye kaɗan, amma ba daga wuri ɗaya ba: ki ɗauko a gaba, a tsakiya, sannan musamman a layukan ƙasa na baya, don a can ake ɓoye gauraye. Ki riƙe su nesa da hular, ki kanga musu ashana. Gashin mutum yana cin wuta da sauri ya nannaɗe, ya yi ƙaurin da kowa ya sani, ya bar wani ɗan baƙin dunƙule wanda in kika murza shi sai ya zama gari a yatsunki. Na roba narkewa yake, yana ja da baya daga wutar, warinsa na ƙonanniyar leda, kuma abin da ya bari ƙwallo ne mai tauri da ba ya murzuwa. In kika murza kika sami toka da 'yan tsakuwoyi masu tauri a ciki, an haɗa biyun ke nan. Akwai wani gwajin na gida da ya fi wannan fayyace gauraye: ki jefa silayen a ruwan bilic na wankin kaya ki bar su. Na mutum zai narke a hankali, na roba zai tsaya yadda yake. Amma ki sani, duka gwajin biyu ba sa kama gashin dabba, domin sinadarin da ya gina shi ɗaya ne da namu, wato keratin, ƙonewarsu iri ɗaya. Shi sai dai ido da hannu: silaye masu kauri da tauri fiye da sauran, waɗanda ke tsayawa ƙiƙam ba sa bin 'yan'uwansu.

Game da abin da aka rubuta a kwali kuwa, kada ki ba shi muhimmanci sosai. Lambobin nan na 8A, 10A, 12A babu wata hukuma da ta tsara su ko take sa ido a kansu. Kowane kamfani shi ke ba kayansa maki, 10A ɗin wani bai kai 8A ɗin wani ba. Haka sunayen ƙasashe: na Brazil, na Peru, na Malesiya. Galibi sunan salo ne, ba asalin gashin ba. Mafi yawan gashin mutum da ke kasuwar duniya daga Asiya yake fitowa, musamman Indiya da Sin. A Indiya akwai wurin bauta na Tirumala kusa da Tirupati a jihar Andhra Pradesh, inda masu ziyara ke aske kansu, hukumar wurin ta tara gashin ta yi gwanjonsa. Irin wannan ana darajanta shi saboda daga kai ake aske shi kai tsaye. Haɗa hulunan kuwa, birnin Xuchang a lardin Henan da birnin Qingdao a lardin Shandong na ƙasar Sin su ne manyan cibiyoyi. Ko lanƙwasar nan mai kyau da kike gani, wadda kowane nadi ya yi daidai da ɗan'uwansa, da tururi aka yi ta. Kan mutum ba ya fitar da lanƙwasa iri ɗaya tun daga goshi har ƙeya.

Ki riƙe wannan lissafin ma. Gashin kai yana ƙaruwa da kimanin rabin inci a wata. Ke nan gashi mai inci 30 ya ɗauki wajen shekara 5 a kan wata mace tana kula da shi, bai karye ba, ba ta rina shi ba. Irinsa ba ya da yawa a duniya. In kika ga dogon gashi haka da araha mai ban mamaki, an ce kuma tsantsa ne, ki tambayi kanki daga ina.

Wannan ya kawo ni kan gashin roba, wanda nake ganin ana zaluntarsa. Roba mai kyau ta fi gashin mutum mara kyau nesa ba kusa ba. Zaren Kanekalon, wanda kamfanin Kaneka na Japan ke yi tun 1957, da ire-irensa masu daraja, suna riƙe salonsu bayan wanki, ba sai kin yi ta fama da ƙarfen nadi ba. Gane mai kyau a cikinsu bai da wuya: sheƙinsa a rana kada ya yi walƙiya irin ta gashin 'yar tsana, in kin miƙe lanƙwasa kika saki ta koma inda take, bakin gashin kuma kada ya yi burtsi-burtsi tun yana sabo. Ki duba ko an rubuta yana jure zafi, da iyakar zafin, don wanda ba na zafi ba tururin tukunya ma na iya yamutsa gabansa. In kullum za a sa, roba kan yi wata huɗu zuwa shida, mai jure zafi ma ƙasa da haka, gashin mutum mai kyau kuma shekara ko fiye. Abin ƙi shi ne a sayar miki da roba a matsayin gashin mutum.

Yanzu ki juya hular ciki ya koma waje. Rabin ingancinta a nan yake, kuma zubar gashin da kika yi kuka da ita galibi daga nan take tasowa, ba daga gashin kansa kaɗai ba. Mai kayan da ya hana ki juyawa ya riga ya ba ki amsa.

Ki fara da ragar gaba, wato leshin da ke kwanciya a goshi. A kansa ba ɗinki ake yi ba, da hannu ake ƙulla gashi sili-sili da wata 'yar allura mai ƙugiya. Ki ɗora ragar a bayan hannunki, ki buɗe kyamarar wayarki ki jawo hoton kusa. Za ki ga ramuka ƙanana a jere, a gefen kowane rami akwai ɗigo. Ɗigon nan shi ne ƙulli. A layin farko na goshi, aikin kirki yana da ƙulli ƙarami mai sili ɗaya ko biyu, a warwatse, ba a kan miƙaƙƙen layi ba, sannan yana ƙara cika a hankali in ana shiga ciki. In kika ga manyan ɗigo baƙaƙe, kowanne ɗauke da sili huɗu ko biyar, an jera su reras, to aikin gaggawa ne, kuma duk hodar da za ki shafa ba za ta ɓoye shi ba. Can ciki kuwa ƙulli mai ninki biyu ake so, don ya fi riƙo. Ana kodar da ƙullin da bilic don ya saje da fata, wannan daidai ne. Amma in kika ga tushen gashin ya yi ja ko ruwan lemo har ya haura sama da raga, bilic ya wuce ƙima, ƙullin ya riga ya ƙone, zuba zai yi. Ki kama sili uku ko huɗu ki ɗan ja a hankali. Kada su biyo ki.

Ita ragar kanta akwai ciniki tsakanin kyau da ƙarko. Wadda ake kira HD ta fi kowace siranta da ɓacewa a fata, amma ita ce mafi saurin yagewa. Ta Suwis tana tsakiya, ta Faransa ta fi kauri da juriya. Mai sa hula kullum, tana sawa tana cirewa da kanta, ban cika ba ta shawarar HD ba. Ki shafa ragar a cikin hannunki inda fata ke da taushi. In tana karce ki a nan, goshinki ba zai jure ta yini guda ba. Launinta kuma ki gwada a goshi ko gefen fuska, kada ta yi fari-fari ko toka-toka a kanki. Lambobin 13x4 da 13x6 na nufin inci 13 daga kunne zuwa kunne, da inci 4 ko 6 daga goshi zuwa ciki. Na 4x4 da 5x5 ɗan murabba'i ne a saman kai kawai. Ki auna da kanki, domin akwai wadda za a ce 13x4 ce, amma a tsakiya kaɗai ta kai inci 4, gefe da gefe da ƙyar ta kai biyu, ba za ki iya tsaga a gefe ba. Akwai kuma mai siffar harafin T, wadda ragarta siririn layi ne a goshi da wani a tsaga, tsagarta ba ta matsawa ko'ina.

Bayan raga sai layukan da aka ɗinka da keke. Ki bi su da yatsa. Ɗinkin ya zama siriri, matsattse, ba zare na reto, ba busasshen gam da ya taru. Ki lanƙwasa layi ɗaya ki ga ko gashi na fita daga bakin ɗinkin. Ki duba tazarar da ke tsakanin layi da layi, musamman daga tsakar ka zuwa ƙeya, don a nan ake rage kaya: sama a cike, baya kuwa iska na kaɗawa a ga hula. Gajerun gashi da ke tsaye a gindin ɗinki ko gindin ƙulli kada su tsorata ki, lanƙwasowar silin ne, kowace hula na da su. Daga nan ki taje ta da mataji mai faɗin haƙora, daga baki kina hawa sama, a kan farin ƙyalle. Sili kaɗan a tajewar farko ba komai ba ne, ragowar aiki ne. In kin sake tajewa sau uku sau huɗu yana ci gaba da zuba, haka zai yi har ya ƙare.

Cika da tsawo su ma ana wasa da hankali a kansu. Ana rubuta 130%, 150%, 180% har sama, amma kamar lambobin A ɗin nan, kowane kamfani da ma'auninsa. Na 130 zuwa 150 ya fi kama da kan mutum, abin da ya haura 180 ado ne, ga nauyi ga zafi. Abin da ba ya ƙarya shi ne sikeli: ƙunshin gashi ɗaya kimanin giram 100 ne, kuma hula kan ci biyu zuwa uku ban da na gaba, don haka ki tambayi nauyinta. Sannan ki tattara gashin duka a hannu ɗaya kamar za ki ɗaure shi, ki sauko da hannun a hankali. In kaurin ya riƙe har kusa da baki, an tsince gajerun silaye, shi ne mai tsada. In kuwa tun a rabi ya zube, ƙarshen ya koma 'yan tsirarun silaye, to inci 24 ɗin da aka rubuta na waɗannan tsirarun ne, za ki ƙare da yanke inci uku ko huɗu. Ki tuna kuma mai lanƙwasa a miƙe ake auna shi, a kanki zai fi abin da aka rubuta gajarta.

Hula komai kyanta in ba ta zauna a kai ba, wahala ce. Ki kwantar da gashinki yadda za ki riƙa yi a ƙarƙashinta, ki zagaya tef ɗin awo daga bakin goshi, ta saman kunne, zuwa ƙeya, ya dawo. Matsakaiciya inci 22 zuwa 22 da rabi ce, ƙarama wajen 21 da rabi, babba 23 zuwa sama. Ki duba maɗaurin baya yana aiki, ƙananan matajan ciki ba su da kaifi. Matajan nan da gam, in suna jan wuri ɗaya kullum, su ke cinye gashin gaban goshi. Wadda kuma rashin lafiya ko magani ya zubar mata da gashi, ta nemi hula mai laushin ciki, marar mataji, don fatar kanta ba ta da abin da zai tare mata gogayya.

In ta intanet za ki saya, duk abin da na lissafa sai ki sa mai kayan ya yi miki shi a bidiyo: a hasken rana, ba tace hoto, ya juya cikin hular, ya jawo kyamara kan ƙullin goshi, ya taje ta, ya aza tef a kanta. Ki ce ya faɗi sunanki ko ranar a cikin bidiyon, saboda hotunan sata sun yi yawa. A ra'ayoyin masu saye, ki tsallake na ranar da kaya ya iso, kowa yabo yake a ranar. Ki nemo na wadda ta dawo bayan wata biyu ko uku ta yi magana. Kuma kafin ki biya, ki sa ya rubuta miki sharaɗin mayarwa: kwana nawa, wa zai biya kuɗin aike, kuma ko wanki na soke shi. Kusan duk masu sayarwa ba sa karɓar hular da aka yanke ragarta, don haka in ta iso almakashi ne abu na ƙarshe. Ki yi gwajin yatsa, na ƙeya, na wuta da na ƙulli tukuna. In sharaɗin bai hana wanki ba, ki wanke ta da shamfu mai cire maiƙo sau biyu, kada ki sa mata man laushi ko ɗigo, ki bar ta ta bushe da iska. In sharaɗin ya hana, ki yanko ɗan ƙaramin tsagi daga layin ƙasa na baya, ki ɗaure tushensa da zare, ki yi masa wannan wankin shi kaɗai. In ya bushe yatsunki suka ratsa shi ba tare da ya kama su ba, sai ki yanke raga.